Tsokaci a Kan Sauya Direban Hoto na Wayar Hannu Don Wasan Gem a Garin Fau, Sudan

1.0 Gabatarwa

Kalmar "direba" tsohuwar baƙuwa ce a Hausa. Ta shigo tare da mota, ta zauna, har ta sami jam'i irin na gida, wato direbobi. A 'yan shekarun nan kuma ta sami wata ma'ana ta daban a bakin masu gyaran waya da matasa masu buga gem, inda za a ji ana cewa an sauya wa waya direba don wasa ya daina sarƙewa. Wannan takarda za ta yi bayanin wannan direba na biyu: mene ne shi, yaya ake sauya shi, kuma wace irin waya ce sauyin yake yi wa amfani. An ɗauki garin Fau na jihar Gadarif a ƙasar Sudan a matsayin wurin auna maganar, domin a yankin akwai Hausawa, akwai zafin rana mai tsanani, kuma waya ta zama hanyar da iyali suke karɓar kuɗi. Abin da takardar take son nunawa shi ne, dabarar sauya direba gaskiya ce, amma wayoyin da take yi wa aiki kaɗan ne, kuma ba su ne suka fi yawa a hannun talaka ba.

2.0 Garin Fau da Kalmomin Waya

Fau, wanda Larabawa suke kira Alfau, gari ne da ke kan titin da ya tashi daga Wad Madani zuwa birnin Gadarif, a gindin wasu duwatsu masu wannan suna. Nan ne hedikwatar aikin noman rani na Rahad, wanda aka buɗe a ƙarshen shekarun 1970, inda ake noma auduga da gyaɗa da dawa. Hausawa sun daɗe a gabashin Sudan. Kakannin wasu mahajjata ne da suka yada zango a kan hanyar Makka suka zauna. Wasu kuma sun biyo hijirar da aka yi bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta kai Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bakin Shuɗin Nilu, inda aka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar.

Abin da zai ja hankalin ɗalibin harshe shi ne, kalmomin waya ta Ingilishi suka iso wa Bakano, shi kuwa Bahaushen Sudan ta Larabci suka iso masa. Inda mai gyara a kasuwar Farm Centre ta Kano zai ce sikirin da caja da sabis, a Sudan sai a ji shasha da shahin da shabaka. Direba kuwa "ta'arif" ake ce masa da Larabci, wato gabatarwa, domin shi ne yake gabatar da wani sashe na na'ura ga kwamfuta har ta gane shi. Ke nan Turawa sun ɗauke shi matuƙi, Larabawa sun ɗauke shi mai gabatarwa. Kamar yadda za a gani nan gaba, da Hausa za ta raɗa masa suna daga aikinsa, da tafinta ya fi dacewa da shi.

Akwai wani tarihi da ya shafi yadda mutanen Sudan suke mu'amala da manhaja. Amurka ta sa wa ƙasar takunkumin ciniki a 1997, ta sassauta shi a kan kayan sadarwa a farkon 2015, ta kuma janye shi a Oktoba 2017. A tsawon waɗancan shekaru rumbunan manhaja na kamfanonin Amurka ba su buɗe wa mutanen ƙasar sosai ba, don haka aka saba da karɓar manhaja daga shagon mai gyara ko daga wayar aboki. Wanda ya tashi da wannan al'ada ba ya jin ɗar idan an ba shi fayil aka ce direba ne, ya saka.

3.0 Mene ne Direban Hoto?

A cikin kowace wayar komai-da-ruwanka akwai ɗan guntun ƙwaƙwalwa da ya haɗa sassa da dama. Ɗaya daga cikinsu shi ne injin zane, wanda ake taƙaita sunansa da haruffan GPU. Aikinsa shi ne zana duk abin da ido yake gani a fuskar waya. Hoton gem ba motsi yake yi ba a zahiri. Hotuna ne tsayayyu ake jerowa da sauri, kowane ɗaya ana ce masa firem. Idan wasa yana tafiya a kan firem 30 a sakan, injin yana da kimanin milisakan 33 ya gama kowane hoto. Idan kuwa firem 60 ake so, lokacin ya ragu zuwa ƙasa da milisakan 17. Duk hoton da bai kammala a kan lokaci ba, sai ido ya ga wasan ya ɗan tsaya ya ci gaba. Wannan shi ne sarƙewar da 'yan wasa suke kuka da ita.

To, shi wasa ba ya magana da injin zane kai tsaye. Masu tsara wasanni suna rubuta umarninsu ne da wani harshe na bai-ɗaya. Akwai tsoho mai suna OpenGL ES, akwai kuma Vulkan, wanda ƙungiyar Khronos ta fitar a Fabrairu 2016, Android 7 ta karɓe shi a wannan shekara. Shi kuma kowane injin zane yana da nasa harshen na ciki wanda ya bambanta da na sauran. Direba shi ne manhajar da ke tsakani, tana karɓar umarni da harshen bai-ɗaya tana mayar da shi harshen injin.

Alal misali, a ɗauki mai gida da ya ɗauko magini wanda ba ya jin harshensa, aka sa tafinta a tsakaninsu. Idan tafintan rago ne, zai yi ta kewaye-kewaye, ya sa magini ya ɗora bulo ya sauke, wani lokaci ma ya fassara taga da ƙofa. A waya, wannan shi ne hoton da yake fitowa da baƙin tabo, ko launi ya rikice, ko wasan ya rufe kansa. Tafinta gwani yana kawar da wannan ɓata lokaci, amma ba ya ƙara wa magini hannu. Bulon da magini ɗaya zai iya ɗorawa a yini yana da iyaka, ko wa ya yi masa fassara.

Injinan zane da ke cikin wayoyin Android, akasarinsu gida uku suka fito. Akwai Adreno na kamfanin Qualcomm, wanda ke cikin ƙwaƙwalwar Snapdragon. Asalinsa wani sashe ne da Qualcomm ya saya daga AMD a 2009, kuma sunan kansa haruffan Radeon ne aka jujjuya. Akwai Mali na kamfanin Arm da ke Ingila, sai PowerVR na kamfanin Imagination. Wannan rabe-rabe shi ne ginshiƙin duk maganar da za ta biyo baya.

Haka kuma shi direba rabi biyu ne. Rabin ƙasa yana cikin zuciyar babbar manhaja, wadda ake kira kanel, shi ne yake taɓa injin. Rabin sama kuwa fayiloli ne da ke ajiye a wani sashe na ma'adanar waya wanda aka kulle, mai waya ba ya iya rubutu a ciki. Dole ne rabin biyu su fahimci juna. Idan masu injin suka gyara direba, gyaran sai ya bi ta hannun masu ƙwaƙwalwa, sannan masu ƙera waya, kafin ya iso ga mai waya. Waya mai araha takan daina samun irin wannan saƙo da wuri, ta ƙare rayuwarta da tsohon tafinta. Daga nan tunanin sauya shi da hannu ya samo asali.

4.0 Hanyoyin Sauya Direba

4.1 Hanyar Kamfani

A Disamba 2019, lokacin da Qualcomm ya gabatar da Snapdragon 865, ya sanar da cewa za a riƙa sabunta direban Adreno ta rumbun Google Play kamar kowace manhaja. Android 10 ma ta zo da wani zaɓi a sashen masu tsara manhaja na saituna, inda ake zaɓar direban da wasa zai yi amfani da shi. Samsung ya fitar da irin wannan direba ga jerin Galaxy S20 a ƙarshen 2020. Hanya ce marar haɗari, sai dai manyan wayoyi masu tsada aka yi wa ita. A ƙaramar waya zaɓin yakan bayyana, amma babu wani direba na biyu da za a zaɓa.

4.2 Hanyar Turnip

Nan ne labarin ya fi armashi. A 2012 wani injiniya mai suna Rob Clark ya fara wani aiki da ya kira Freedreno, inda ya riƙa lura da saƙonnin da direban Qualcomm yake aika wa injin Adreno, har ya koyi harshen injin ba tare da kamfanin ya ba shi ƙamus ba. Ɗaliban harshe za su ga kamar aikin mai nazarin da ya shiga ƙauye ya rubuta nahawu daga abin da kunnensa ya ji. Aikin ya shiga babban rumbun buɗaɗɗun direbobi mai suna Mesa, kuma daga cikinsa aka sami Turnip, direban Vulkan na Adreno jerin 600 zuwa sama, wanda ya shiga Mesa a 2019.

Abin da ya fito da Turnip fili shi ne manhajojin kwaikwayo, wato waɗanda suke sa waya ta kwaikwayi wata na'ura don a buga wasan Nintendo Switch ko na kwamfuta a kanta. Irin waɗannan manhajoji suna neman wasu abubuwa na Vulkan da direban kamfani bai iya ba, ko kuma yana kuskure a cikinsu, domin ba don su aka rubuta shi ba. Billy Laws, ɗaya daga cikin masu tsara manhajar Skyline, ya samar da libadrenotools, wata dabara da ke ba manhaja damar ɗauko nata direban daga fayil ba tare da an taɓa na waya ba. Skyline ta tsaya a 2023, Yuzu kuma ta rufe a Maris 2024 bayan ƙarar da Nintendo ya shigar, aka daidaita a kan dala miliyan 2.4. Amma dabarar ta ci gaba a wasu manhajoji irin su Winlator da Dolphin da Vita3K. A nan sauya direba yana aiki ƙwarai, har wasan da a da baƙin allo kawai yake nunawa ya buɗe ya tafi. Idan kuma sabon direban bai yi ba, sai a goge shi, waya tana nan yadda take.

Sai dai akwai sharuɗɗa biyu da masu tallata dabarar ba su cika faɗa ba. Na farko, direban yana aiki ne a cikin manhajar da ta ɗauko shi kaɗai. PUBG Mobile, wanda ya fito a Maris 2018, da Free Fire na kamfanin Garena, wanda ya fito a ƙarshen 2017, ba su da wannan ƙofa. Direban waya suke amfani da shi, kuma su ne irin wasannin da matasa suka fi zama a kai. Na biyu, sai injin Adreno. An yi wa Turnip hanyar magana da rabin ƙasa na direban Qualcomm da ke cikin wayoyi, shi ya sa ya zauna. Mali ma yana da nasa buɗaɗɗen direban, Panfrost, wanda Alyssa Rosenzweig ta jagoranta, amma an gina shi ne a kan wani rabin ƙasa na daban, ba wanda ake sayar da wayoyi da shi ba.

Idan aka dubi wayoyin da mai ƙaramin ƙarfi yake iya saye, sai a ga girman wannan sharaɗi. Tecno da Infinix da itel, duk na kamfanin Transsion da ke Shenzhen, akasarinsu da ƙwaƙwalwar MediaTek ko Unisoc suke zuwa. Helio G85 da G88 suna ɗauke da Mali-G52, Helio G99 yana da Mali-G57, Helio G35 da P35 kuma PowerVR ne. Hatta ƙananan wayoyin Samsung haka suke: Galaxy A12 na farko Helio P35 gare shi, Galaxy A15 kuma Helio G99. Wanda ya yi sa'a ya riƙe Redmi Note 11 yana da Adreno 610, amma shi ne kusan ƙarami a gidansu. Saboda haka fayil ɗin da ake yawo da shi da sunan direban Adreno ba shi da abin da zai yi wa mai Tecno, ko da an rantse masa.

4.3 Hanyar Fasa Kulle

Hanya ta uku ita ce a musanya direban waya gaba ɗaya. Wannan yana buƙatar a buɗe kullen da ke gadin tashin waya, wanda masu gyara suke kira butloda, sannan a yi mata rutin, wato mai waya ya karɓi cikakken iko a kan babbar manhaja. Manhajar da aka fi yin haka da ita ita ce Magisk, wadda John Wu ya fara a 2016. Bayan nan sai a ɗora fayilolin direban da aka ciro daga wata sabuwar waya a kan na asali. Wasu sukan wuce nan, su yi amfani da KonaBess su ƙara wa injin Adreno gudu ko su rage masa wuta.

Buɗe butloda yana goge duk abin da ke cikin waya. A wayoyin Samsung kuwa, yin rutin yana ƙona wata alama ta tsaro ta Knox wadda ba ta gyaruwa har abada. Idan rabin sama na sabon direba bai dace da rabin ƙasa ba, waya takan tsaya a kan tambarin kamfani tana ta sake kunna kanta, sai an kai ta filashin. Ribar da ake samu a wasannin yau da kullum kuwa, ko a wayar da dabarar ta karɓa, galibi ba ta taka kara ta karya ba, domin masu tsara wasan da direban kamfani suka gwada shi tun farko.

Ya kamata a ware wasu manhajoji da ake kira GFX Tool, waɗanda mutane da yawa suke ɗauka direba suke sauyawa. Ba sa taɓa direba ko kaɗan. Fayil ɗin saitin wasan suke gyarawa, su buɗe zaɓin da masu wasan suka ɓoye wa ƙananan wayoyi. Masu PUBG Mobile sun haramta taɓa fayilolin wasa da manhajar waje, kuma hukuncin magudi a wurinsu yakan kai rufe asusu na shekara 10.

5.0 Zafi da Shabaka

A wuri irin Fau, babban abin da ke rage wa waya gudu ba ya cikin fayil. A watannin Afrilu da Mayu zafin yankin Gadarif yakan haura digiri 40. Waya ba ta da fanka. Jikinta ne kaɗai yake fitar da zafi zuwa iska, idan kuwa iskar kanta ta yi zafi, fitar takan yi wuya. Da zarar na'urorin auna zafi na ciki sun ga an kusa iyaka, sai babbar manhaja ta rage gudun ƙwaƙwalwa don kada ta lalace. Shi ya sa wasa yakan fara sumul, bayan 'yan mintuna ya soma sarƙewa. Wanda ya ƙara wa inji gudu a wannan yanayi ya gaggauta isowar ragin ne kawai. Buga gem alhali waya tana caji, abin da ƙarancin wuta yake tilasta wa mutane, yana haɗa zafi biyu, kuma batirin litiyam ba ya son caji idan ya wuce kimanin digiri 45.

Lissafi mai sauƙi yana nuna inda sauƙin yake. Fuskar waya mai ɗigo 2400 sau 1080 tana da ɗigo 2,592,000 da za a zana a kowane firem. Idan aka sauko zuwa 1600 sau 720, sun zama 1,152,000, ƙasa da rabi ke nan. Rage kyan hoto a saitin wasan, kashe inuwa, tsayar da firem a inda waya za ta iya riƙewa, cire wa waya riga da zama a inuwa, duk suna rage wa magini bulo. Da wuya wani direba ya kawo rabin wannan sauƙi.

Akwai kuma sarƙewar da ba ta shafi zane ba sam. Wasan da ake bugawa da mutane ta intanet yana aika saƙo zuwa wata babbar kwamfuta a wata ƙasa ya jira amsa; tsawon jiran shi ne 'yan wasa suke kira ping. Idan shabakar Zain ko MTN ko Sudani ta yi rauni, mutum zai harbi abokin karawa ya ga bai faɗi ba, ko da injinsa yana zana firem 60. A ido matsalolin biyu kama suke yi, shi ya sa ake ɗora wa direba laifin da ba nasa ba.

6.0 Abin da Waya Take Ɗauke da Shi

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 15 ga Afrilu 2023 ya sauya matsayin waya a cikin gida. Bayan faɗuwar Wad Madani a Disamba 2023, Fau ta kasance a bakin daga tsakanin jihar Jazira da ta Gadarif, masu gudun hijira suka bi ta kanta, har zuwa lokacin da sojoji suka sake karɓar Wad Madani a Janairu 2025. Rassan bankuna da dama sun rufe, takardar kuɗi ta yi wuya, sai manhajar Bankak ta Bankin Khartoum ta zama hanyar da 'yan uwa da ke Saudiyya da sauran ƙasashe suke turo taimako, da ita kuma ake biyan kuɗin dawa da magani. Lokacin da hanyoyin sadarwa suka ɗauke a Fabrairu 2024, mutane da yawa sun rasa yadda za su taɓa kuɗinsu. Canjin takardun fam 500 da 1000 da aka fara a Disamba 2024 ya ƙara tura jama'a ga asusun banki.

A gida mai waya babba guda ɗaya, wadda saurayi yake buga Free Fire da ita da dare ita ce ake karɓar kuɗin cefane da ita da safe. Manhajojin banki da yawa suna bincikar waya ta hanyar wani tsari na Google mai suna Play Integrity, wanda ya maye gurbin SafetyNet, kuma idan suka tarar an buɗe butloda ko an yi rutin sai su ƙi tashi. Akwai dabarun ɓoye rutin, amma Google yana toshe su lokaci bayan lokaci, wanda ya dogara da su yakan wayi gari manhajar ta rufe. Bugu da ƙari, fayil ɗin da aka ba ikon rutin yana iya karanta duk abin da ke cikin waya, har da saƙon lambar sirri da banki yake turowa, kuma mai waya ba shi da hanyar sanin abin da aka cusa a cikin fayil ɗin da ya karɓa daga hannun wanda bai sani ba.

Kafin a kai ga wannan mataki, akwai binciken da ba ya cin ko fam ɗaya. Manhajoji irin su CPU-Z da AIDA64 suna nuna sunan injin zanen da ke cikin waya. Idan suka nuna Mali ko PowerVR, maganar Turnip ba ta taso ba. Idan suka nuna Adreno, ana iya gwada shi a cikin manhajar kwaikwayo, inda goge fayil guda yake mayar da komai yadda yake, butloda kuma yana nan a kulle.